Zamiyar dusar ƙanƙara a ƙuryar Arewa: Afrilu ko Mayu?

Bakatsine_Oulu: Assalamu alaikum jama'a. Mu ɗalibai ne a nan Finlan, muna son mu haura can ƙuryar arewa mu yi zamiya kafin dusa ta narke, amma kanmu ya rabu biyu. Wasu sun ce a nufi tsaunukan Lyngen na Norwe a watan Mayu, hujjarsu ita ce rana ba ta faɗuwa, sanyi ya sassauta, don haka haɗari kaɗan ne. Wasu sun ce a yi a Afrilu. Yawancinmu ba mu taɓa wuce filin da inji ke ɗaukar mutum zuwa sama ba. Masu sani, a taimaka mana da gaskiyar magana.

Gidado_Narvik: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, hujjar nan ta masu Mayu ita ce abin da za a fara gyarawa. Tsawon yini ba ya rage haɗari, canza masa kama yake yi. A Afrilu abin tsoro shi ne busasshiyar dusa da iska ta tara a bayan tudu, ta yi ɓawo mai tauri a kan wani rauni da ke ƙasa. Ka taka, ɓawon ya tsage gaba ɗaya ya tafi da kai. A Mayu kuwa zafi ne ke jiƙa dusar har ruwa ya ratsa ta, ta saki da kanta ko ba wanda ya taka. Kuma Lyngen ba fili ba ne. Babu inji, babu mai gyara hanya, babu mai rufe gangarar da ta yi haɗari. Daga bakin teku ake fara hawa da ƙafa, mita 1,000 ko fiye. Jiehkkevarri, mafi tsayi a cikinsu, mita 1,834 ne. Wanda iyakarsa filin inji bai kamata ya shiga can ba sai da ƙwararren jagora.

Hajjo_Alta: Gaskiya ne. A Maris na 2012 mutum biyar suka rasu a zaftarewar dusa guda ɗaya a dutsen Sorbmegaisa da ke Kafjord, tsallaken ruwa daga Lyngen, har da jagoransu. Ba sababbin shiga ba ne. Allah ya kiyaye.

DanDamagaram: Ni dai ina tare da masu Mayu, amma da sharaɗi. Dusar da ta narke da rana ta daskare da dare sau da yawa ita ce mafi daɗin zamiya kuma mafi sauƙin karantawa. Ƙwayoyinta kan yi manya kamar tsakin masara, samanta ya yi laushi santimita 2 zuwa 5, ƙasanta na nan da tauri. Wannan ake nema. Sharaɗin shi ne daren jiya ya daskarar da ita. Gwajin ba wuya: cire siki ɗaya, wato dogon faifan zamiyar da ke ƙafarka, ka taka da takalmi. Idan ta ɗauke ka, ci gaba. Idan ƙafa ta nutse ta wuce idon sawu, lokaci ya wuce a wannan gangarar, ka sauka ko ka koma ɓangaren da rana ba ta taɓa ba tukuna. Idan ka ga dusa na mulmulowa da kanta daga ƙarƙashin duwatsu, wannan ma alama ce ta a juya.

UwarHanif: To Malam DanDamagaram, ta yaya za ta daskare da dare alhali babu daren? A Tromso, birnin da ke kusa da Lyngen, daga wajen 20 ga Mayu har bayan 20 ga Yuli rana ba ta faɗuwa. Ina ganin nan ne maganarka ta yi rauni.

Injiniya_Kiruna: Hajiya, tana daskarewa. Ranar tsakar dare a ƙarshen Mayu dab take da bakin ƙasa, haskenta a kwance yake, ba ya ɗumama komai sosai. Abin da ke yanke hukunci shi ne gajimare. Idan sama ta yi garau, dusa na sakin zafinta zuwa sama, samanta ya yi tauri ko da iska tana kan digiri 1 ko 2 sama da sifili. Idan gajimare ya rufe, zafin ba ya fita, ka wayi gari dusar a jiƙe tun daga sama har ƙasa. Dare biyu ko uku a jere ba daskarewa, ko ruwan sama ya sauka a kan dusa, to a bar duk wata gangara mai tsauri.

Inda Hajiya ke da gaskiya shi ne lissafin agogo. A farkon Mayu rana na fitowa a Tromso wajen ƙarfe 3 na dare, daga arewa maso gabas. Ma'ana gangarar da ke kallon gabas ta sha rana awa biyar kafin mutum ya gama karin kumallo. Wanda ya koyi tsarin tsaunukan Faransa ko Suwizalan, inda ake cewa gabas da safe, kudu da hantsi, yamma da la'asar, jerin yana nan, amma sai ya ja agogon baya sosai. Gangarar da ke kallon arewa ma, wadda a kudancin Turai ake ɗauka ba ta ganin rana, a nan tana samun ta da dare.

UwarHanif: Na gamsu da batun gajimaren. Amma duk wannan karatun ba na ɗaliban da suka yi tambaya ba ne. Su fara da abin da ya dace da su.

MaiSanda_Rovaniemi: Shi ne abin da zan faɗa. Bakatsine, kuna Finlan, me zai kai ku nesa? Ku je Yllas ko Saariselka a makonni biyun farko na Afrilu. Yllas na da hanyoyin zamiyar tafiya kusan kilomita 300 da inji ke gyarawa, Saariselka wajen 200. Tuddan can masu faɗi ne, ba tsayayyu ba, hanyoyin kuma an yi musu alama. A lokacin dusa na da kauri, dare na sanyi, rana na da haske. Da safe samanta kan yi tauri har mutum ya bar hanya ya ratsa daji ba ya nutsewa, zuwa azahar ta saki. Ku yi hayar siki mai zane irin na ɓawon kifi a ƙasa ko mai guntuwar fata, waɗanda ke hana zamewa baya, kada ku shiga rigimar man shafawa a tafiyar farko. Kilomita 10 zuwa 15 a yini ya ishi sabon shiga.

SarkinTsauni: Ga wanda yake son man duk da haka: busasshen kakin da ake gogawa a hunturu ba ya kama jiƙaƙƙiyar dusa ko wadda ta narke ta sake daskarewa. Sai klister, mai ne mai danƙo wanda ke cikin bututu. A ɗan goge tsakiyar sikin da samfefa, a sa bututun a aljihun ciki ya yi ɗumi, a ɗiga kaɗan-kaɗan a gefe biyu na ramin tsakiya, a baje da babban yatsa. Siriri ake so. Idan ya yi kauri yana kwasar ganye da datti, idan kuma sabuwar dusa ta sauka a kansa sai ta dunƙule a ƙarƙashin ƙafa, tafiya ta tsaya.

Gidado_Narvik: Masu hawan tsauni ma suna da irin wannan matsalar da fatar da ake mannawa a ƙasan siki don kada ya zame baya a hawa. Ka ratsa jiƙaƙƙiyar dusa a ƙasa, fatar ta sha ruwa, ka hau sama ka shiga busasshiya mai sanyi, nan take ta manne ta yi tudu. Maganinsa a shafa wa fatar kakinta tun tana bushe, kafin a fara. Da an kai sama a cire ta a naɗe a sa cikin riga, domin gam ɗin da ya yi sanyi ko ya jiƙe ba ya sake kamawa. Kuma a Mayu da sassafe gangara kan zama ƙanƙara zalla, fata kaɗai ba ta riƙewa idan ana ratsawa a kaikaice. A tafi da haƙoran ƙarfen da ake maƙalawa a ƙarƙashin takalmi a jikin sikin, a sa su tun kafin a shiga wurin, ba a tsakiyarsa ba.

Bakatsine_Oulu: Allah ya saka da alheri. Biyu daga cikinmu sun fi mu ƙwarewa kuma sun nace sai tsauni. Wane kaya ne dole?

Hajjo_Alta: Uku ne, kuma kowane mutum da nasa: na'urar nema mai aika sigina don a gano wanda dusa ta binne, sandar laluba, shebur. Na'urar a jiki ake ɗaura ta a ƙarƙashin riga, ba cikin jaka ba, don jaka kan tsinke. Duk kamfanoni a kan zango ɗaya suke aiki, kilohaz 457, saboda haka kowacce na jin kowacce. Waya ta yi nesa da ita aƙalla santimita 20 idan tana aikawa, 50 idan ana nema, in ba haka ba tana rikita ta. Sandar ta kai santimita 240 ko fiye. Shebur na ƙarfe, na roba karyewa yake yi, domin dusar da ta zaftare ta tsaya tauri take yi ƙwarai.

Dalilin da ya sa kowa sai ya iya aiki da su: wanda aka tono cikin minti 15 na farko galibi yana rayuwa, bayan rabin awa yawanci numfashi ya ƙare. Jirgin ceto ba zai iso a wannan lokacin ba, abokan tafiya ne za su tono shi. Kowa ya juya na'urarsa zuwa nema, a bi sigina, idan ta nuna mita 3 a sunkuya a riƙa bi dab da dusa har a samu lamba mafi ƙanƙanta. Daga nan a soka sanda, tazarar santimita 25, ana zagayawa. Idan ta taɓa mutum a bar ta a wurin. Kada a tona daga sama kai tsaye. A koma ta ƙasan gangara kamar ninki ɗaya da rabi na zurfin, a tona ana shiga ta gefe, a fara buɗe fuska da ƙirji. Duk wannan sai an gwada shi sau da yawa a fili kafin ranar buƙata.

Injiniya_Kiruna: Ƙari a kan maganar Hajjo, abin da ya fi kayan shi ne kada a shiga wurin tun farko. Galibi zaftarewa na tashi ne a gangarar da ta kai digiri 30 ko fiye. Ga yadda ake aunawa da sanduna biyu: kwantar da ɗaya a kan dusa tana kallon ƙasa ta bar shaida. Kafa tsinin ɗaya a saman shaidar, na ɗayar a ƙasanta, ka haɗa kawunansu. Idan ta ƙasan ta tsaya cak a miƙe, digiri 30 ne. Idan ta karkata waje ta bar tsaunin, ya fi 30. Sannan ba tsayawa a fili ne kaɗai tsira ba, dusar na gangarowa ta yi nisa. A Norwe ana koyar da cewa ka nisanci gindin gangara da ninki uku na tsayinta. Manhajar Varsom ta hukumomin Norwe na da taswira mai launi da ke nuna tsaurin gangara da inda dusa ke iya kaiwa, kuma kullum suna fitar da hasashen haɗari daga mataki 1 zuwa 5. A Suwidin shafin Lavinprognoser ne. Mutane na ganin 3 su ce ai tsakiya ne. A mataki na 2 da na 3 aka fi mutuwa, domin a 4 da 5 kowa na gida.

SarkinTsauni: Kada a manta leɓen dusa da iska ke ginawa a bakin ƙololuwa. Daga sama ba a ganin cewa ƙarƙashinsa iska ce. Da zafin Mayu yakan karye, kuma yana karyewa ne can baya da inda ido ke zato. A tsaya inda ake ganin dutse ya leƙo.

DanDamagaram: Akwai hanya ta tsakiya da ba wanda ya ambata. Riksgransen a Suwidin, dab da iyakar Norwe, a kan layin dogon da ya tashi daga Kiruna zuwa Narvik. Filin inji ne, yana buɗe har ƙarshen Mayu, kuma a ƙarshen kakar akan kunna injinan da dare a yi zamiya da hasken ranar tsakar dare. Masu son Mayu sun samu abin da suke so, sababbi na kan gyararriyar hanya, ƙwararrun biyu kuma su ɗauki jagora na yini ɗaya. Jirgin ƙasa na tsayawa a wurin, ba sai an yi hayar mota ba.

MaiSanda_Rovaniemi: Shawara ce mai kyau, sai dai a sani da zarar an fita daga igiyar filin a Riksgransen an shiga duk abin da Hajjo da Injiniya suka lissafa. Wurin ya yi suna ne da zamiyar bayan hanya, kuma hazo na rufe shi farat ɗaya, babu bishiya ko ɗaya da za ta nuna maka sama da ƙasa.

LikitanSanyi: Bari in shigo da batun jiki, tun da mu masu duhun fata akwai abin da ake yawan kuskurewa. Na ɗaya, ido. Sabuwar dusa na mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ke ƙona ido, ko da akwai gajimare. Ciwon ba ya tashi sai bayan awa 6 zuwa 12, da dare mutum ya ji raɗaɗi da hawaye ya kasa buɗe ido. Tabarau mai lamba 3 ko 4 mai rufe gefe, a sa tun safe. Mai lamba 4 ba a tuƙi da shi. Na biyu, baƙar fata ma tana ƙonewa a can, musamman ƙarƙashin hanci, haɓa da leɓe, saboda hasken daga ƙasa yake tasowa. Man kariya mai lamba 50.

Na uku, cizon sanyi. Abin da ake koyarwa a can shi ne a duba farin tabo a kumatu ko hanci. A fatarmu ba lallai ya yi fari ba, yakan yi toka-toka ko ya dushe. A dogara da taɓawa: wurin ya yi tauri, ya mutu ba a jin komai. A ɗumama da tafin hannu ko a sa yatsun a hammata. Ba a murzawa, ba a shafa dusa, ba a kai wa wuta ko murhu, domin fatar da ba ta ji za ta ƙone mai ita bai sani ba. Idan an isa ɗaki, ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39. Idan akwai yiwuwar ya sake daskarewa a hanya, gara a bar shi har a isa. Afrilu a Lapland, wato yankin nan na ƙuryar arewa, dare na iya kai digiri 20 ƙasa da sifili, kada hasken rana ya ruɗe ku. Kayan auduga a bar su a gida, yana riƙe gumi ya sanyaya jiki. Ulu a jikin fata, riga mai tare iska a sama, babbar rigar ɗumi a jaka don lokacin hutu.

BabanKhadija: Guzuri fa? A sa a aiko muku da kilishi daga gida, ba ya lalacewa, ba nauyi.

UwarHanif: A'a Alhaji, ba a shiga da nama ko madara daga Najeriya ko Nijar zuwa ƙasashen Tarayyar Turai ko Norwe, ƙwacewa ake yi a filin jirgi, wani lokaci har da tara. Dabino, gyaɗa, cuku da burodi sun wadatar. Dabinon a aljihun ciki, in ya daskare haƙori ba ya iya shi. Ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu, rabi shayi a fulas. Gora a kife ta a jaka, domin daga sama ruwa ke fara daskarewa, kada bakin ya toshe.

Bakatsine_Oulu: Salla fa, idan rana ba ta faɗi ba?

MalamNaAbisko: A Afrilu da farkon Mayu rana na faɗuwa, magariba a bayyane take, isha da asuba ne ke shiga juna domin jan sama ba ya gushewa. Idan rana ta daina faɗuwa gaba ɗaya, masallacin Alnor na Tromso lokutan Makka yake bi. Wasu malamai sun zaɓi a bi gari mafi kusa da ke da dare da rana. Ku tambayi limamin garin da za ku sauka ku bi jama'ar wurin, kada kowa ya yi nasa. Alwala kuwa a yi ta a ɗaki kafin a fita. A kan tudu cikin iska, jiƙa hannu da ƙafa hanya ce ta abin da Likita ya bayyana. A Malikiyya an halatta taimama a kan dusar ƙanƙara idan amfani da ruwa zai cutar. Kuma ku matafiya ne, kuna da sauƙin ƙasaru.

BabanKhadija: Tun da ƙuryar arewa ake so, me ya hana tsibiran Svalbard? Ai can ne ƙarshe.

Gidado_Narvik: Alhaji, can wani babi ne. Longyearbyen, babban garin can, na kan digiri 78 arewa a taswira, rana na daina faɗuwa tun wajen 20 ga Afrilu, kuma sanyin Afrilu a can na hunturu ne sosai. Ba a fita bayan gari sai da abin korar farin beyar, a aikace bindiga da harsashin haske, hayar bindigar kuma sai da izinin ofishin Gwamna. Daga 2025 doka ta ce a nisanci beyar da mita 300, daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Yuni kuma mita 500. Ga kogunan ƙanƙara masu tsagar da dusa ta rufe, sai da igiya. Abin da ya fi shafar mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar: Svalbard ba ta cikin Shengen, yankin Turai mai biza ɗaya, duk da cewa ƙasar Norwe ce. Mai bizar shiga sau ɗaya idan ya tashi daga Tromso zuwa can ya fita ke nan, ba shi da ta dawowa. Sai biza mai shiga biyu ko katin zama. Ɗalibai masu katin zama ba su da wannan matsalar, amma baƙon da ya zo ziyara ya duba takardarsa.

MalamNaAbisko: Wanda ke son tafiyar kwanaki ba tare da tsauri ba, akwai hanyar Kungsleden a Suwidin, daga Abisko zuwa Nikkaluokta, wajen kilomita 105, kwana shida ko bakwai. Ana kwana a bukkokin STF, ƙungiyar yawon buɗe ido ta Suwidin, akwai murhun itace da na gas, kai za ka faskara itace ka ɗebo ruwa a ramin da aka fasa a ƙanƙara. Hanyar hunturu an kafa mata sanduna masu jan kuros, a bi su, domin ta bambanta da ta rani. Amma bukkokin na rufe kakar hunturu a ƙarshen Afrilu. Wannan ma hujja ce ga masu Afrilu. A Mayu rafuka sun fara buɗewa a ƙarƙashin dusa, ƙanƙarar tafki na rauni a mashigar ruwa da mafitarsa.

Hajjo_Alta: Kuma Mayu ne watan haihuwar barewar da Samawa, 'yan asalin yankin, ke kiwo. Idan kun hango garke ku kauce da nisa, ku yi shiru. Uwar da aka kora a wannan lokacin tana iya barin ɗanta, kuma ta fito daga hunturu ba ƙarfi. Dukiyar mutane ce. Lambar gaggawa 112 a ƙasashen uku, a Norwe 113 ce ta motar asibiti. Kwaruruka da yawa babu sabis, a bar wa wani a gari sunan hanyar da lokacin dawowa.

DanDamagaram: Duk na ji, amma ban sauka daga kan Mayu ba ga su biyun nan masu son tsauni. Raunin da ke binne a ƙasan dusa tun Janairu shi ne ke kashe ƙwararru, kuma a Afrilu yana nan, ba a ganinsa. Haɗarin Mayu kuwa ana ganinsa da ido, ana jinsa da ƙafa, ana kauce masa da sammako.

Injiniya_Kiruna: A ƙasan tsauni haka ne. Sama da mita 1,000 a ɓangaren arewa, farkon Mayu har yanzu hunturu ne, busasshiyar dusa da tsohon rauninta. Kuma ranar farko da zafi ya ratsa har ya kai ga wannan raunin ita ce ranar manyan zaftarewa. Don haka mutum ɗaya a hawa ɗaya yana iya haɗuwa da matsalolin biyu. Su karanta rubutun da ke ƙarƙashin lambar a Varsom, can ake faɗin tsayin da fuskar da matsalar take, su kuma nemi jagora tun yanzu, domin na Lyngen kan cika tun kafin kaka ta shigo.